Muryar Buba a Bakin Telan Indiya

Ku da kuke zuwa kuna cewa in koya muku fassarar fim kafin a koma makaranta, kallon kitse kuke yi wa rogo. Mutum ya ga yana iya maƙale murya ya yi maganar mata a majalisa, abokai suna faɗuwa don dariya, shi ke nan sai ya ɗauka ya gama zama mai fassara. Shekaranjiya wani ya tsaya mini a ƙofa da waya a hannu, wai ai aikin simful ne, Turancin da ke ƙasan hoto kawai ake karantawa a juya shi Hausa. Na ce ya je ya sha ruwa ya dawo. To, tunda yau kun zauna, bari in ba ku labarin aiki guda, na wani fim ɗin Indiya na binciken kisa wanda har gobe ban gane ƙarshensa ba, da yadda ya ci mutuncin maƙwabcina Malam Buba tela, mutumin da ko Kano ba ya son zuwa balle Indiya.

Aikina na farko a wannan sana'a ɗaukar benci ne. Maigidana Malam Inuwa yana da gidan kallo a unguwar Dawaki nan Gombe, rumfar kwano da talabijin da bidiyon kaset, ni nake jera benci, in an tashi in share ɓawon gyaɗa. A lokacin ba mu naɗar fassara. Shi yake zama gefen talabijin da 'yar lasifika, ya rage sautin fim, ya dinga faɗa wa mutane abin da ake cewa. Indiyancinsa na tsince-tsince ne, abin da kunne ya kwasa a shekarun kallo, amma ya san fuska. In jarumi ya ciji leɓe, Malam Inuwa ya san abin da zai fito daga bakinsa kafin ya fito. Na daɗe a bayansa ina motsa baki ba sauti kafin ya miƙo mini lasifikar, kuma abin da ya fara ba ni shi ne yaran bos, waɗanda ba sa cewa komai sai "to, maigida" kafin a doke su.

Doka ɗaya ya kafa mini, kuma bai yarda a yi masa gardama a kanta ba. Ya ce kada in kuskura in kalli ƙarshen fim kafin in sa masa murya. Wanda ya san ƙarshe, in ji shi, maƙogwaronsa ne yake tona asiri. In ka san wane ne munafuki, ko ba ka so sai ka sa masa ɗan kauri a murya tun fitowarsa ta farko, 'yan kallo kuwa ba jakai ba ne, nan take za su gano. Ka yi mamaki tare da su, ka tsorata tare da su. Dokar nan ta yi mini aiki shekara da shekaru, domin fina-finan wancan lokacin ba su da wani ruɗani. Bos da gashin bakinsa yake zuwa, da tabo a kumatu, har kiɗa ake sauya masa in zai shigo.

Da zamani ya koma naɗa, Alhaji Lawal, wani Bakatsine mai sayar da kayan lantarki, ya buɗe mana ɗaki a bayan shagonsa. Ɗaki ne kamar akurki. Mun manna kiret ɗin ƙwai na kwali a bango, mun jingina tsohuwar katifa a ƙofa, makirufo ɗaya ne, shi ma da safa muka lulluɓe masa baki don kada iskar magana ta dinga bugunsa. Fanka a kashe take saboda ƙara, ko da bazara, daga ni sai singileti da filas na ruwan citta da zuma. Janareto can nesa muke kai shi da doguwar waya. Da sassafe muke aiki, kafin 'yan acaɓa da masu keke su cika titi. Mai riƙe da kwamfuta shi ne Obinna, Ibo ne haifaffen Gombe, wanda Hausarsa ta fi ta wasunku. Shi yake cire muryar Indiyawa ya bar kiɗa da taku da ƙarar ƙofa, sannan ya ɗora tawa. In na zuba Hausa ta fi tsawon maganar, sai ya ɗaga yatsa ya ce bakin mutum ya rufe ni ina ta zuba, in sake. Wata jimla sai na sake ta har maƙogwaro ya bushe.

Abin da ba ku sani ba shi ne, murya ba a cikinka take ba, a kasuwa take. Fim ɗaya yana iya zuwa da mutane cike da mota, kai kaɗai za ka zama dukkansu. Don haka nake yawo ina tsinta. Na ɗauki tsawar wani mahauci na ba bos-bos da yawa, na ɗauki saurin bakin wani kwandasta, na ɗauki kukan wata mai kunu da take yi in an ci bashinta ba a dawo ba. Amma gutsure nake yi, in haɗa na wannan da na wancan, ba na ɗauke mutum ɗungurungum.

Malam Buba kuwa shagonsa jikin gidanmu yake a unguwar Kagarawal. Bafulatani ne, ya girme ni, ni kuma Babarbare ne ta wajen uba, kun san wasan da ke tsakaninmu. Kullum da safe ya ce ina bawansa ya kwana, in ce ai shi ne nawa. Maganarsa ta hanci ce, a hankali, yana ce wa mace shi, ya ce wa namiji ita, kuma duk wanda ya zo karɓar ɗinki amsa ɗaya yake samu: "Gobe ka zo, boɗɗum." Boɗɗum ɗin nan da Fulatanci da kyau ke nan. Goben ba ta cika zuwa a kan lokaci ba, amma ɗinkin in ya fito ba a kushe shi. Shi ke riƙe da makullin masallacin layinmu, shi yake buɗewa da asuba. Kuma ya daɗe yana yi mini mita, wai ina sa muryar mahauta da 'yan tasha a fim, shi ubangidana na ƙi sa shi.

Sai shekarar da kasuwar faifan bidiyo ta mutu ta zo. Kowa ya koma kallo a waya. Masu tura fim a waya, waɗanda su ne kwastomominmu yanzu, suna samun fassarar Kano da ɗuminta, ba mai jiran tamu. Mu gama aiki mu kai, a ce ai an riga an kalla. Alhaji Lawal har ya fara shigowa ɗakin yana auna bango da taku, yana maganar inda firji za su zauna. Ana cikin haka Obinna ya zo da wani sabon fim da Kano ba su taɓa ba. Matsalar ita ce rabi ya samu, zuwa hutun tsakiya, ɗaya rabin mai Turanci a ƙasa bai fito ba tukuna. Alhaji ya ce a yi wannan rabin a sake shi a matsayin kashi na ɗaya kafin mutanen Kano su farka. Ni ban ga laifi ba, tunda dama ba na kallon ƙarshe.

Rabin farkon nan, tsakanina da Allah, ban taɓa fassara irinsa ba. Wani ƙaramin gari ne a gindin dutse, ruwan sama ba ya ɗaukewa. An tsinci shugaban tashar jirgin ƙasa a bayan ofishinsa, an soke shi a wuya. Mai binciken wani tsohon sufeto ne mai tumbi, yana fama da ciwon ƙafa, ba ya duka, ba ya tsalle, mota ba ta tashi sama. Zama yake yi ya kalli mutum har mutumin ya fara gumi. Ana zargin mataimakin mamacin, wanda kujerar za ta koma hannunsa, ana kuma kallon 'yar mamacin, wadda ba ta yi kuka ba ranar da aka ƙona gawar. Abin da ya ba ni wuya shi ne shirun fim ɗin. Mu nan in an daɗe ba magana, mai kallo sai ya ɗauka wayarsa ce ta lalace, don haka mai fassara yakan cusa 'yar magana. A wannan kuwa duk inda na cusa sai in ji na ɓata. Obinna ya ce in bar ruwan saman ya yi aikinsa, na bari.

A cikin wannan duhun akwai mutum ɗaya mai ba da dariya, wani tela da shagonsa ke kallon tashar. Siriri ne, da tabarau a ƙarshen hanci, kullum ana zuwa karɓar ɗinki yana kawo uzuri. Ina ganinsa na kashe makirufo na yi dariya har da tari. Da yamma na je na ce wa Buba burinsa ya cika in yana so, ga tela ya samu. Ya ce in ban sa shi ba bai yafe ba. Har zaunar da ni ya yi ya maimaita mini boɗɗum ɗinsa don kada in ɓata masa. Na ɗauke shi gaba ɗaya, da hancin, da jan maganar, da shi da ita ɗin, na zuba a bakin telan Indiya. Akwai inda aka nuna telan washegarin kisan yana ɗinki, ya kai zare baki ya tsinke da haƙori. A nan na ƙara tawa, na sa ya ce haƙorin Bafulatani ya fi ƙarfen Bature.

Kashi na ɗaya ya yi kasuwar da muka manta ana yi. Masu turi suka dinga aiko wa Alhaji a kan na biyu. A Kagarawal kuwa Buba ya zama ɗan gari na musamman. Samari suna wucewa suna ɗaga masa hannu suna cewa gobe ka zo, shi kuma yana washe baki. Ya sa aka tura masa fim ɗin a wayar 'yarsa, duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya nuna masa. Har hula ya ɗinka mini, wai ladan bawa mai biyayya.

Ranar da rabi na biyu ya zo, na zauna gaban makirufo da ƙarfina, amma tun kafin a yi nisa na fara ruɗewa. Da farko dai suka jefo wata waƙa da rawa a tsakiyar bincike, wasu mata da ba a san daga ina suke ba, aka gama ba a sake ganinsu ba. Wata 'yar jarida da ta cika rabin farko da tambayoyi ta ɓace kamar an ɗauke ta da ƙugiya, ba wanda ya sake ambatonta. Sannan suka shiga nuna daren kisan a maimaice, kowane mai ba da labari da nasa, wani da launin ja, wani da shuɗi, har na daina sanin wanne ne ya faru, wanne ne ƙarya. Turancin da ke ƙasa ma ya lalace, wani wuri magana ta wuce kafin rubutun ya iso. Na tsaya na tambayi Obinna ko fim ɗin ne a hargitse ko kaina. Ya ce shi ma abin da yake son tambayata ke nan.

Sai kuma labari ya juyo kan tela. Ashe ɗansa ya mutu a kan layin dogo shekarun baya saboda sakacin shugaban tashar. Ashe babban almakashinsa ya ɓata. Sufeto ya sa aka kawo shi caji ofis. A nan na cire abin kunne na ce a dakata. Na ce ko in sauya masa murya. Obinna ya ce mutanen da suka haddace muryar nan ba za su yarda ba, za su ce wani telan ne daban, ruɗani ya ƙaru a kan ruɗani. Alhaji ya leƙo ya ce muryar nan ita ce kasuwar, kada wanda ya taɓa ta. Na je na sami Buba na faɗa masa cewa an kama telan. Ya yi dariya ya ce ai fim ne, Babarbare da tsoro. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko a ƙarshe an wanke shi. Na ce ban kai nan ba.

Wurin tuhumar nan shi ne ƙarfin fim ɗin gaba ɗaya. Ɗaki ne da teburi da fitila, sufeto yana ɓare gyaɗa, tela yana murza hularsa. Ba mari, ba zagi. A hankali mutumin da ya ba mu dariya ya dinga narkewa har ya fashe da kuka. Na bi shi da muryar Buba, na ce, "Wallahi ranka ya daɗe ban taɓa shi ba. Almakashina ne, na yarda, amma ban taɓa shi ba." Ɗauka ɗaya muka yi. Da na gama na ga Obinna ya sauke abin kunnensa ya zuba mini ido. A duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban taɓa yin abin da ya kai wannan kyau ba, kuma da ma bai yi kyau ɗin ba.

Ƙarshen fim ɗin kuwa ga shi, ku taya ni. An saki tela don ba shaida. An nuna 'yar mamacin tana ƙona wata riga a bayan gida. An nuna mataimakin ya hau kujera yana gyara hula. Wani yaro ya tsinci almakashi a kwata ya kai wa sufeto. Sufeto ya naɗe shi a hankici, ya tafi kan gada ya tsaya, ya juya mana baya. Jirgi ya zo ya wuce ya tare shi. Da jirgin ya wuce, hannunsa ba komai. Ya je ya sayi shayi. Sai sunaye suka fara hawa.

Na ce wa Obinna bai gama saukowa ba, ya duba. Ya duba ya ce iyakarsa ke nan. Muka koma baya muka sake kallo. Shi ya ce 'yar ce, sufeto ya jefar da almakashin ne don ya san ba shi da amfani. Alhaji ya ce mataimakin ne, don a duniya wanda ya ci riba shi ake tuhuma. Na ɗauki fim ɗin na kai wa Saje Yila, wani Batangale tsohon ɗan sanda a Dawaki, na ce ya duba da idon aiki. Ya kalla tsaf, ya ce abin da ya gani shi ne sufeton nan ya cancanci kora, don ba a jefar da shaida a ruwa. Na ce to, wa ya yi kisan? Ya ce shi ma da zai tambaye ni.

Ni kuma akwai abin da ya tsaya mini wanda ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Wurin nan da tela ya tsinke zare da haƙori, wanda na mayar abin dariya, washegarin kisan ne, tun kafin kowa ya san almakashi ya ɓata. Masu fim ɗin sun ajiye shi a gaban idonmu suka wuce. In na tuna wannan sai in ce telan ne. In na tuna rigar da aka ƙona sai in ce a'a. In kuwa don a ruɗa mu suka sa duka biyun, to sun yi nasara, amma ni a wajena wanda ya tara mutane ya ba su labari ya hana su ƙarshe bai kyauta ba.

Alhaji ya ce ba za a saki fim ba mai laifi ba, masu turi za su dawo mana da shi. In faɗi suna a ƙarshe, kowane ne, in ma telan ne ya fi, tunda shi mutane suka sani. Na ce ba zan faɗi abin da ban sani ba, balle a kan wannan muryar. Muka yi ta ja. Daga ƙarshe, a inda sufeto yake shan shayi, na sa muryar mai ba da labari na ce wanda ya yi wannan aiki, shi da Allah. Alhaji ya yi tsaki ya ce a kai haka.

Gari bai bar wa Allah ba. A majalisu aka yi ta musu, amma da yake cikin mutum ukun nan da ake zargi ɗaya ne kawai ake iya wucewa ta ƙofar shagonsa, sai hukunci ya faɗa kan tela. Da farko wasa ne. A wuce a ce Malam Buba ina almakashin, ya ɗaga nasa ya nuna, a yi dariya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani ɗan banza, har yau ban san ko wane ne ba, ya yanko sautin wurin tuhumar nan, ba hoto, ya tura a waya da rubutu cewa ga telan Kagarawal a hannun 'yan sanda. Ya shiga wayoyin mutanen da ba su taɓa kallon fim ɗin Indiya ba, tsofaffi da matan aure da 'yan ƙauye. Abin da suka ji shi ne Buba, da muryarsa da suka sani, yana kuka yana cewa almakashinsa ne. Ƙanwarsa ta taso daga garin Kwadon da kwanon tuwo za ta kai masa caji ofis, ta tarar da shi a kan keke yana ɗinki. Ta zauna a ƙasa ta rasa kuka za ta yi ko dariya.

Ga salla ta matso, lokacin da tela yake haɗa abincin shekara. Aka fara aiko yara a karɓi yadi, wai an fasa ɗinkin. Waɗanda suka san fim ne ma suka daina zama a bencinsa, don kada a gan su a wajen da ake nunawa. Wasu suka ce an sake shi ne a kan beli, wasu suka ce ba a rasa nono a ruga, in ba rami me ya kawo maganar rami. Dattawan masallaci suka karɓi makulli wai za a yanko wani, bai dawo hannunsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne Buba ya daina magana. In kwastoma ya zo sai ya gyaɗa kai ko ya nuna da hannu, don ya lura da zarar ya buɗe baki matasa sai su fara zaro waya.

Na yi abin da zan iya. Wata rana bayan la'asar na miƙe a ƙofar masallaci na ce jama'a ni ne na yi muryar nan, ba Malam Buba ba. Don su yarda na yi musu ita a nan take. Wasu dattawa suka riƙe baki. Matasa kuwa suka kwashe da dariya suka ce in ƙara, wani har ya naɗa. Washegari wannan ma yana yawo, wai ga wanda aka ɗauko ya rufa wa tela asiri.

Sai Buba ya aiko 'yarsa ta kira ni. Na same shi a cikin shago, ya sakaya ƙofa da rana tsaka. Bai ce mini bawa ba. Ya ce in yi kashi na uku a wanke telan. Na ce babu kashi na uku, ba ni da hoton da zan ɗora magana a kai.

"Salihu, kullum kai kake sa wa mutane magana a baki," in ji shi. "Ka sa wa sufeton nan ya ce ba ni ba ne."

Ban taɓa sa wa fim maganar da ta sauya labarinsa ba. Barkwanci ina ƙarawa, karin magana ina ƙarawa, amma hukunci ba nawa ba ne. Duk da haka na je na sami Obinna. Ya ce wuri ɗaya ne zai yiwu, kan gadar nan, tunda sufeto ya ba da baya ba a ganin bakinsa. Muka sa sufeton ya ce a ransa, telan nan ba shi da laifi. Alhaji bai hana ba, shi sabon kaya ya gani. Muka bi masu turi ɗaya bayan ɗaya muna roƙo su goge tsohon su riƙe wannan.

Garin neman gira muka rasa ido. Ba wanda ya goge komai. Fim ya zama iri biyu a gari, masu turi suna tambayar kwastoma wanne yake so, na asali ko wanda aka gyara. Aka haɗa wayoyi biyu a majalisa ana kwatantawa. Magana ta koma cewa in da gaske ba shi da laifi, me ya sa aka koma aka gyara? Na rasa inda zan sa kaina. Na yi shiru an zarge shi, na yi magana an zarge shi, na wanke shi ya ƙara baƙi. Ɗakinmu kuwa ya tsira, Alhaji ya daina auna bango, har sabon makirufo ya saya.

Bayan salla Buba ya ce zai koma Kwadon wajen ƙanwarsa, can aƙalla akwai wadda ta gan shi da idonta a kan keke. Ranar tashin na taya shi ɗora kan keken da teburin a bayan wata akori-kura, muka ɗaure da igiya. Iyalinsa sun riga sun yi gaba. Layin ba kowa, waɗanda ke leƙe ta taga suke yi. Ya zagaya zai shiga gaba, sai ya dawo ya kama hannuna ya ja ni bayan motar, ya rage murya.

"Yanzu daga ni sai kai. Ka kalli abin nan fiye da kowa a garin nan. Tsakaninka da Allah, ni ne na kashe mutumin nan?"

Ba wasa a fuskarsa. Na buɗe baki in ce a'a, kalma ɗaya ce, na sha faɗar wadda ta fi ta nauyi da muryar wasu. Amma ya ce tsakanina da Allah, kuma ni ban sani ba. Na tsaya ina neman yadda zan haɗa maganar, neman ya yi tsawo.

Ya saki hannuna. Ya gyaɗa kai ya ce shi ke nan, ya ji. Ya shiga mota ya ja ƙofa, ya ce wa direba su tafi.